Iyaka Mai Ƙafa Huɗu

Duk faɗin Gashua in ana neman wanda ya san inda karen ruwa yake kwana, yayana Kalli za a nuna maka. Shi ba masunci ba, ba maharbi ba, manomin tattasai ne a fadamar ƙauyenmu can bayan Katuzu, kuma wahala ce ta koya masa. Ni Fanne, ƙanwarsa, mai sayar da bandar kifi a kasuwar Gashua, na sha kunya a kan wannan ilimi nasa har na gaji. Ina zaune ina ciniki sai wani ya tsaya ya ce ashe ni ce ƙanwar mai gadin karen ruwa. Sai in ce ni ce, kifi zai saya ko tarihi ya zo ji.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, karen ruwa wata dabba ce doguwa mai santsin jiki, ga gashin baki irin na kyanwa, ga wutsiya mai kauri. A ruwa yake farauta amma a tudu yake barci, cikin rami a jikin gaɓar kogi. Masunta ba sa ƙaunarsa ko kaɗan, don shi ba ya saƙa gura, sai dai ya jira ka kafa taka ya zo ya yaga ta ya cinye tarwaɗar da ke ciki.

Asalin abin daga mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa, shi da wani Bafillace da ya ajiye sandar kiwo ya zauna kusa da mu. Tare suka sari fadamar. Da suka zo rabawa sai aka rasa abin da za a yi iyaka da shi, don ƙasarmu babu dutse, itatuwan wurin su da kansu suka sare, turke kuwa ko ka kafa ambaliyar damina za ta tafi da shi. Sai suka hangi ramin karen ruwa a bakin gaɓa, suka ce shi ke nan, daga ramin nan zuwa gabas na Babarbare, wato mahaifinmu, zuwa yamma na Bafillace. Aka shafa fatiha a gaban Bulama, mai garinmu, aka watse. Dattawa biyu masu hankali fa, amma babu wanda ya tambayi kansa ko mai ramin yana da niyyar zama.

To a daidai tsakanin gonakin akwai wani gurbi mai zurfi a cikin kogin. Da rani kogin yana janyewa ya bar yashi, gurbin nan kuwa ba ya ƙafewa. Wanda gurbin ya faɗa a gefensa shi ke noman rani, ɗayan kuma ya yi kallo, don an gwada haƙa rijiya a gonakin biyu, ruwan kanwa ne ke fitowa yana ƙona shuka. In ramin yana yamma da gurbi, ruwa namu ne. In ya koma gabas, na Fillani ne. Iyayen ba su taɓa damuwa ba, da jigo suke ɗiba, kowa ya zo ya ja abin da zai ja.

Da suka rasu, Ya Kalli ya gaji gonarmu, Bobboi ɗan Bafillacen ya gaji tasu, aka kuma shiga zamanin injin ban ruwa. Da wasu mutane ne da sun raba ruwan sun huta. Amma Babarbare ne da Bafillace, taubasai, tun suna yara ba su taɓa gaisawa babu zagi ba. Bobboi yana kiran yayana bawansa, yayana yana kiransa ɗan Fillo mai ƙafar sauro, kuma kowannensu gara ya kwana da yunwa da ya ce wa ɗayan don Allah.

Wata shekara bayan ruwa ya janye, Ya Kalli ya ɗauko injinsa a ka ya nufi gurbi, sai ya tarar da Bobboi ya shimfiɗa tabarma yana shan shayi, tiyonsa tuni yana cikin ruwa. Da baki kawai Bobboi ya nuna masa gaɓa. Ambaliya ta rushe tsohon ramin, mai gidan ya yi sabo a gabas. Aka kwashi jiki sai gaban Bulama. Shi kuwa ya ce maganar iyaye ba a tashinta, ramin karen ruwa suka ce, ba su ce ramin shekara kaza ba, saboda haka inda dabbar take zaune nan ne iyaka. Ranar ne yayana ya gane cewa gadon ubansa yana hannun wata halitta mai cin ɗanyen kifi.

Bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya hau mota sai Nguru, wurin masuntan bakin tafki. Da ya fara tambaya suka ɗauka kashewa zai yi, kowa ya taso da murna, wannan ya kawo tarko, wancan ya ce yana da kare. Da ya ce a'a, gida yake so ya gina masa, sai suka ba shi wuri a inuwa, suka kawo ruwan sanyi, ɗaya ya tambaye shi a hankali ko da wani ya rako shi daga gida. Wani tsoho ne dai ya ji tausayinsa ya zayyana masa. Ya ce karen ruwa yana son gaɓa mai tsayi wadda ambaliya ba ta cika hawa ba, da saiwar itace da za ta riƙe masa rufi, da ciyawa mai duhu a ƙofa, kuma ƙofar ta zama dab da ruwa yadda zai sulale ba a gan shi ba. Ba ya son kare, ba ya son hayaƙi, ba ya son hayaniya. In kana so ka san ko yana nan, ka duba kusa da ramin, wuri ɗaya yake kashi kullum, za ka ga ƙayar kifi a ciki.

Ya dawo da wannan karatu ya fara aiki, kuma a nan ne abin ya zama abin kallo. Tunda yamma yake so dabbar ta zauna, gaɓar Bobboi zai gyara ke nan. Bobboi kuma da ya leƙa ya gane, sai ya hau gyaran gaɓar Ya Kalli. Da safe sai ka gan su sun yi kiciɓis a hanya, kowa da fartanya a kafaɗa, kowa ya nufi gonar ɗan'uwansa, suna wucewa suna zagin kakannin juna. Yayana ya dasa giyayya a gaɓar Bobboi, ya yi mata shinge don kada shanun Bobboin su ci. Ya haƙa rami mai ɗaki da zaure, ya shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Tasa gaɓar kuwa ya ɗaure kare a kai, yana ƙona tsohuwar taya da barkono, har shi kansa ba ya iya tsayawa a wurin.

Sai kuma aka shiga toshi. Ya fara zuwa rumfata yana ɗibar min banda, ashe baƙon ba ya cin kifin da ya sha hayaƙi, sai ɗanye. Ya koma bin masunta da asuba. Bobboi shi kuma, da yake duk duniya a wurinsa saniya ce, ƙwaryar nono ya riƙa ajiyewa a ƙofar ramin da ya haƙa, wata rana har da fura. Tururuwa suka yi ta yi masa addu'a. Zahra, matar yayana, ta ce ɗakinta yana yoyo tun bara babu wanda ya hau ya duba, ga wata can an yi mata ɗaki da zaure da kifin safe, da ta sani ita ma da ta koyi nutso. Akwai lokacin da guza ya tare a gidan da Ya Kalli ya gina. Ya ruga wurin Bulama ya ce an samu mai shiga. Bulama ya zo ya leƙa ya ce wannan ba ya cikin yarjejeniya.

Da ya gane mace ce ke riƙe da wurin sai ya sa mata suna Hajiya, wai saboda takan yi tafiya ta daɗe sannan ta dawo da ƙiba. Ni na tabbata Hajiyar ta canza ba sau ɗaya ba a cikin shekarun nan, uwa ta mutu 'ya ta gada, amma shi a wurinsa duk Hajiya ce. Ya san sawunta, ya san wurin da take zamewa a taɓo don wasa, ya san in ta ci ƙaguwa da in ta ci ƙarfasa. Mutum ne da bai san takalmin matarsa ba ko a ƙofar ɗaki ya gan shi.

Wata shekara kuma aka wayi gari da ramuka biyu, ɗaya gabas da gurbi ɗaya yamma, kowanne da sabon kashi a gefe. Ashe gida biyu Hajiya take riƙe da su, yau nan gobe can. Aka koma gaban Bulama. Ya sosa ƙeya, ya ce gidan mace shi ne inda 'ya'yanta suke, don haka inda 'ya'yan suke nan ne iyaka. Bobboi ya miƙe ya ce bai yarda ba, ai kowa ya san mace gidan iyayenta take zuwa ta haihu ta yi wanka, to ramin haihuwa gidan iyaye ne, ɗayan shi ne ɗakinta. Ya Kalli ya ce wannan sai a haihuwar fari, Hajiya kuwa ta daɗe da wuce nan, shi shaida ne. Wallahi manya da furfura suka yini a kan wannan magana, har liman sai da ya sa baki. Hukuncin Bulama dai ya tsaya.

Da Bobboi ya san abin da ke tafe da bai ɓata bakinsa ba, don daga nan Hajiya ta shiga haihuwa a gabas shekara bayan shekara. Bobboi ya yi ta noman albasa yana ƙiba, yayana yana zaune yana kallon busasshiyar ƙasa. Bobboi ko babu gona yana da shanu, Ya Kalli kuwa gonar nan ita ce komai nasa. Aka sayar da tumakinsa, aka bi da awakin Zahra. Abin ya daina ba ni dariya. Na je har gida na ɗaure fuska, na ce ni ma ina da gado a gonar nan, in rani mai zuwa ya wuce babu tattasai, sayar da ita za a yi, shi da Zahra su dawo Gashua, ya zauna a bayan rumfata yana juya min kifi a kan wuta. Mutumin da in ya kwana ɗaya a gari sai ya ce ƙirjinsa ya cushe. Ya sunkuyar da kai ya ce ya yarda.

Ikon Allah, da rani ya shigo sai ga shi a kasuwa a bayan acaɓa, hula a hannu, yana washe baki yana cewa an sauka lafiya. Na ɗauka jika aka yi masa. Ashe Hajiya ce ta haihu a ƙarƙashin giyayyar da ya dasa, a leɓen gurbin ta yamma. Ruwa ya zama namu da tazarar da ba ta fi tsawon tabarma ba. Ya sayi dabino ya raba wa 'yan layinmu, ya sayi irin tattasai, ya koma ya yi dashe.

Sai da ya ɗauko inji sannan ya ga ta inda aka ɗaure shi. Wuri ɗaya ne inji ke iya zama a bakin gurbin, kuma wurin yana jikin saiwar giyayya. In ya tayar da shi, Hajiya za ta kwashe 'ya'yanta, ga kuma ramin da Bobboi ya share ya gyara a gabas yana jira. Ruwan nasa ne, amma sai in bai yi motsi ba.

Sai ya koma ɗan garuwa. Jarka biyu da sanda a kafaɗa, babu takalmi don kada ya yi ƙara, yana sanɗa ya ɗebo ya kai gona ya dawo. Ya hana Zahra kiransa daga nesa. Ya kai karensa gidan surukai. In tari ya taso masa sai ya ruga can cikin gona ya yi abinsa ya dawo. Bobboi ya kawo tabarmarsa ya shimfiɗa a gefensa, ya ce shi ba zai yi komai ba, bawansa da hannunsa zai kore ta. Amma Zahra ta ce min ta lura shi ma da raɗa yake zagin, kuma ya daina kawo shanu ta wajen.

Da shukar tana ƙarama jarka ta wadatar. Da bazara ta kama, tattasai ya yi ganye ya fara fure, sai ruwan jarka ya zama kamar an tofa masa yawu. Zahra ta kira ni a waya ta ce in zo in ga yayana. Na rufe rumfa na hau a-kori-kura.

Na iske tattasan ya sunkuyar da kai, furen yana zuba. Yayana ya rame, kafaɗunsa duk sun saɓule, ya naɗa tsumma a kai. Raina ya ɓaci, tausayi kuma ya kama ni, na rasa wanne zan fara. Na buɗe baki ke nan ya ɗora yatsa a leɓe, ya ja ni muka je gindin giyayya, ya sa ni na kwanta rub da ciki da sabon zanena. Daga cikin ramin na ji ƙaramin kuka kamar na 'yan tsaki. Ya raɗa min cewa ba su fara shiga ruwa ba tukuna, da zan ba shi ɗan lokaci su yi ƙwari.

Na ja shi can tsakiyar gona inda zan iya magana kamar mutum. Na ce lokacin da yake nema tattasai ba shi da shi. Gaba kura ce baya sayaki, na sani, amma in bai tayar da inji ba gonar ta tafi babu ko tantama, in kuwa ya tayar, wa ya sani, ƙila Hajiya ta yi haƙuri ta zauna, ƙila ta ƙara yin yamma. Ko gabas ɗin ta yi, kafin a kira Bulama shuka ta sha ta ƙoshi. Ya yi alwala da sauran ruwan jarka ya yi la'asar, ya daɗe a zaune. Sannan ya tashi ya ɗauko injin da kansa.

Kafin ya taɓa igiyar sai da ya je ƙofar ramin ya tsuguna, ya yi magana da muryarsa ta kullum, wadda ya daɗe bai yi amfani da ita a wurin ba.

“Salamu alaikum, Hajiya. Ubanmu ne ya same ku a nan, ba ku kuka same shi ba. Tattasai ne zai mutu. Ki yafe min.”

Ya ja igiya, inji ya ƙi. Ya sake ja, ya yi tari ya mutu, don ya daɗe a ajiye. Bobboi daga kan tabarma ya ce ko injin ma ya fi Babarbare kunya, sannan ya taso ya karɓa, ya goge fulogi da bakin rigarsa ya mayar. Ya Kalli ya ja, abin ya kama da ƙarar da sai da tsuntsaye suka tashi daga giyayya. Tiyo ya kumbura, ruwa ya fara gudu cikin gona.

Ba wanda ya kalli ruwan, duk ramin muke kallo. Can sai ga kanta ya leƙo, gashin baki yana rawa. Ta koma, ta fito da ɗa guda a baki, ta riƙe shi ta ƙeya, ta tsaya a bakin ruwa. Ni ina cewa Allah yamma, Bobboi ban san abin da yake cewa ba. Ba ta yi gabas ba, ba ta yi yamma ba. Ta shiga gurbin ta ɗaga kai sama don kada ɗan ya sha ruwa, ta haye wancan hayin, ta shige cikin kacalla, doguwar ciyawar nan da ko kwale-kwale ba ya ratsa ta. Ta dawo ta ɗauki na biyu, ta dawo ta ɗauki na ƙarshe. Muka jira, ba ta sake fitowa ba.

Ni kam na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ramin bai koma gabas ba, ruwa yana kwarara, ƙasa tana sha tana ƙamshi, gonar ubanmu ta tsira. Na juya in yi wa yayana barka sai na ga ya zauna a kan yashi, hawaye yana bin gemunsa, bai ko share ba. Tun da aka binne mahaifiyarmu ban ga haka a fuskarsa ba.

Bobboi ya matso, ya cire malfarsa ya riƙe. Ya buɗe baki kamar zai yi zagi, sai ya tambaya a hankali, to yanzu ina iyakar take.

“Je ka ɗauko tiyonka ka sa,” in ji Ya Kalli. “Masu wurin sun tashi. Ni da kai duk baƙi ne.”

Bobboi bai je ba. Ya zauna kusa da shi a kan yashin, suka zuba wa wancan hayin ido. Ni kuma na tattare zane na ɗauki fartanya na shiga gona, ina juya ruwa daga wannan fangali zuwa wancan, don dole wani ya yi.